Zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya kuma babu jini: yaushe za a fara zargin Lassa?

Incajin Karkara ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitoci da ma'aikatan jinya da masu lab da duba-gari da ke cikinmu.

A ɗauki ƙaramin asibiti irin na ƙauyukan Bauchi ko Taraba: ma'aikata uku, ɗakin kwanciya ɗaya mai gado huɗu, ɗakin haihuwa, babu lab sai tsinken gwajin maleriya. Daga Disamba zuwa Maris kusan duk wanda ya shigo da zazzaɓi yake shigowa. Takardun faɗakarwa kan zazzaɓin Lassa da ake liƙawa a bango kuwa duk mutum suke nunawa jini na zuba ta hanci da baki, alhali wanda ya kai wannan matakin ya riga ya kwana uku a kan gadonmu, an sa masa ruwa, an yi masa allura, matarsa ta kwashe amansa.

To a wace gaɓa ya kamata ma'aikaci ya ce wannan fa ba maleriya ba ce? Idan ya faɗa, me zai yi da hannunsa daga wannan sa'ar zuwa lokacin da za a zo ɗaukar mara lafiya, wanda kan iya kai kwana biyu? Ina kuma son a warware mini lissafin ruwan kulorin, domin kowa da abin da yake faɗa. Na gode.

Likitan Ciki ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Incaji. Fara da cire hoton jinin nan daga ranka. Masu zubar da jini tsiraru ne a cikin masu Lassa, kuma idan ya zo, a makare yake zuwa. Kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa jin komai ko kuma ɗan zazzaɓi ne ya wuce. Sauran kashi 20 ɗin su ne naka, kuma a makon farko babu abin da ya raba su da mai maleriya ko mai taifot: zafin jiki da ke hawa a hankali, kasala, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi.

Ma'aunin zargin Lassa da hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta bayar shi ne zazzaɓin da ya yi kwana 3 zuwa 21, wanda aka auna ya kai digiri 38 ko sama, tare da ɗaya daga cikin amai, gudawa, ciwon maƙogwaro, ciwon ciki, ciwon jiki, kasala mai tsanani ko zubar jini. Za ka ce ai wannan rabin layinka ne. Gaskiya ne, shi ya sa abin da ke yanke hukunci a aikace shi ne agogo. Ka ba da cikakken maganin maleriya mai kyau, wataƙila ka haɗa da maganin ƙwayoyin cuta, sa'a 48 zuwa 72 sun wuce, zafi bai sauka ba ko ma jiki ya ƙara lalacewa. Nan ne gaɓar. Kada ka sauya magani karo na uku kana cewa taifot ce mai taurin kai. Kuma ka lissafa da kwanakin da ya yi yana shan na kyamis kafin ya zo, domin mai cewa "jiya ya fara" sau da yawa mako guda ke nan.

Tarkon da ya fi kama ma'aikata shi ne tsinken maleriya. Ya nuna layi biyu, wato akwai maleriya, hankali ya kwanta. A ƙasar da mutane da yawa ke yawo da ƙwayar maleriya a jini ba tare da ciwo ba, layi biyu bai kore Lassa ba. Ana samun su tare a jiki ɗaya.

Abubuwan da za su sa ka daina jiran sa'a 72 ɗin: maƙogwaro ya yi ja yana ciwo har haɗiyar yawu ta gagara, wani lokaci da farare-farare a ganɗa, ciwo a bayan ƙashin ƙirji, idanu sun yi ja, fuska ko wuya ya kumbura alhali ƙafa ba ta kumbura ba, ji ya fara raguwa, wurin da aka cire allura ya ƙi daina tsattsafo da jini. Haka nan idan wani a gidan ya rasu da zazzaɓi cikin makonni uku da suka wuce, ko mara lafiyan ya yi jinyar wani, ko ya wanke gawa, ko shi kansa ma'aikacin asibiti ne. Sai mai juna biyu da ta zo da zazzaɓi da zubar jini ko ɓari, ko ɗan cikin ya daina motsi. Wannan ita ce mafi haɗari, ga kanta da ku. A watanni ukun ƙarshe na ciki, rasa uwa ko ɗa ko duka biyu ya haura kashi 80 cikin 100. A Janairun 2020 Kano ta rasa likitoci biyu bayan tiyatar da aka yi wa wata mai juna biyu da ba a san tana ɗauke da cutar ba. Dama tun asali haka ta fara: a 1969 ma'aikaciyar jinya ce ta kamu a garin Lassa da ke jihar Borno, aka kai ta Jos ta rasu, wadda ta yi jinyarta a can ita ma ta kamu ta rasu.

Idan ka yi zargi, kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wato DSNO, a wannan sa'ar, ba gobe ba. Idan lambarsa ba ta shiga, akwai layin kyauta na NCDC, 6232.

Kafin su zo, aikinka ruwa ne da ƙoda. A Najeriya lalacewar ƙoda na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe masu Lassa. Idan yana iya sha, ba shi gishiri da sukari na leda, leda ɗaya a lita ɗaya, kurɓi-kurɓi. Idan ba ya iyawa, ƙarin ruwa. Ka auna fitsari, kada ka tsaya a tambayarsa ko yana yi: babba ya kamata ya fitar da aƙalla rabin mililita a kan kowane kilo na nauyinsa a sa'a guda. Mai kilo 60 ke nan mililita 30 a sa'a, kusan 700 a wuni da kwana. Idan fitsari ya ɗauke duk da ka mayar masa da ruwan da ya rasa, kada ka ci gaba da ɗura leda bayan leda, huhu zai cika. Wannan mai buƙatar wurin da ake wankin ƙoda ne, ka faɗa wa masu zuwa tun a waya.

Don zafin jiki parasitamol kaɗai, kada babba ya wuce giram 3 a rana saboda hanta. A ajiye diclofenac da ibuprofen da asfirin, suna ƙara zubar jini suna kuma taɓa ƙoda. A ajiye gentamicin, ita ma ƙoda da kunne take ci, wuraren da cutar ta riga ta kama. A daina allurar ɗuwawu baki ɗaya, domin jini kan taru a cikin tsoka, kuma kowace allura dama ce ta sokewa. Idan gwaji ya nuna maleriya, a ci gaba da maganinta.

Ribavirin, maganin da ake ba masu Lassa, ba na ƙaramin asibiti ba ne. Ta jijiya ake ba da shi tsawon kwana 10, yana cinye jini, sai ana bibiyar yawan jinin. Abin da aka sani tun binciken da aka yi a Saliyo aka buga a 1986 shi ne amfaninsa ya fi fitowa idan an fara cikin kwana 6 na farko. Masana na ta muhawara a kan ƙarfin wannan hujjar, ni ma ina ganin ana yaba shi fiye da kima, amma ba a yi saɓani a kan cewa wanda ya isa cibiyar jinya da wuri ya fi tsira ba. A 2020 an tabbatar da mutum 1,189 a Najeriya, 244 suka rasu, kusan ɗaya cikin biyar. Yawancin wannan na jinkiri ne.

Sistar Kariya ta amsa:

Likita ya gama da magani, bari in ɗauki na hannu.

Killacewa ba sai da gini na musamman ba. Ɗaki mai ƙofa da taga ya isa, ko ofishin incaji ne a fitar da tebur. Idan babu, a kai gadon ƙarshen ɗaki, a bar aƙalla mita 1 tsakaninsa da na kusa, biyu ta fi, a sa labule. A ba shi bokitinsa na amai, fo ɗinsa, kofinsa da ma'aunin zafinsa, kada ɗaya ya fito. Ma'aikaci ɗaya ne zai riƙa shiga, ba mai ciki ba, ba mai rauni a hannu ba. Mai jinya ɗaya daga dangi, a koya mata sa safar hannu, a rubuta sunanta. 'Yan dubiya su tsaya a taga. Ajiye littafi a bakin ƙofa, duk wanda ya shiga a rubuta, domin idan sakamako ya fito da shi za a fara.

Cutar ba ta bin iska kamar ƙyanda. Jini, amai, fitsari, bayan gida, yawu da ruwan haihuwa su ne hanyarta, ta ido, hanci, baki ko tsagar fata. Saboda haka mafi ƙarancin kaya: safar hannu biyu-biyu, riga mai dogon hannu, rigar leda a kai, takunkumi, abin kare ido, takalmin roba. Idan babu gilashin kare fuska, a samo, kada a ce takunkumi ya wadatar. Amai ba ya sallama kafin ya taso.

Wurin cirewa ake kamuwa, ba wurin sakawa ba. An gaji, zufa na shiga ido, hannu ya tafi fuska. A cire mafi ƙazanta tukuna: safar waje, rigar leda, riga ana naɗe ta ciki ya koma waje, abin ido ta madaurin baya, takunkumi ta igiyarsa, safar ciki a ƙarshe, ana tsabtace hannu tsakanin kowane mataki. Wani ya tsaya daga nesa yana kallo yana faɗin na gaba. Waya kuma ta zauna a waje. Allura kada a mayar mata da murfi, kwalin allurai ya kasance a gefen gado inda hannu zai kai.

Yanzu kulorin. Ƙarfi biyu ake haɗawa. Mai ƙarfi, kashi 0.5 cikin 100, na jini da amai da bayan gida da ƙasa da gado da ledar gawa. Mai sauƙi, kashi 0.05, na zannuwa da kwanuka, da hannu idan babu sabulu ko man goge hannu.

Duba jikin robar. Ruwan bilic irin su Hypo da Jik da ake sayarwa a kasuwa galibi kashi 3.5 ne. Raba abin da aka rubuta da abin da kake so, ka cire ɗaya: 3.5 a raba da 0.5 ya ba da 7, a cire 1, saura 6. Wato kofi 1 na Hypo, kofi 6 na ruwa, da kofi iri ɗaya. Lita 3 a cikin lita 18 ta cika maka babban bokiti. Idan robarka ta ce kashi 5, to 1 ne da 9. Don samun mai sauƙi, ɗebi kofi 1 na mai ƙarfin da ka haɗa ka zuba kofi 9 na ruwa. Idan garin kulorin ne mai ƙarfin kashi 70, giram 7 a kowace lita, giram 140 a jarka mai lita 20. A dama, a bar shi ya kwanta kamar rabin sa'a, a yi amfani da na sama.

Inda ake ɓata shi: a haɗa ranar Litinin a yi ta amfani har Juma'a, alhali sabo ake yi kowace safiya. A bar bokiti buɗe a rana, zafi ya cinye ƙarfinsa. A zuba a bokitin ƙarfe, ya ci ƙarfen. A haɗa shi da ruwan wanke masai ko wani sinadari don "ya ƙara ƙarfi", ya tayar da iska mai shaƙe mutum. Babban kuskure kuma shi ne a kwara shi kai tsaye a kan tulin amai a ɗauka an gama. Ƙazanta tana kashe kulorin. A rufe aman da tsumma ko takarda ya tsotse, a kwashe da safar hannu zuwa leda, a wanke wurin da sabulu, sannan a shafa mai ƙarfin a bar shi a jiƙe minti 10. Zannuwa a wanke da sabulu a jiƙa a mai sauƙi minti 30. Kuma don Allah a daina fesa wa mutane kulorin a jiki, ba ya hana komai sai ƙona ido.

Rubuta ƙarfin da ranar a jikin kowane bokiti, in da hali launinsu ya bambanta. Kayan nan duka a haɗa su a kwali ɗaya tun watan Nuwamba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai Lab ya amsa:

Ƙari kaɗan a kan jini. Da zarar an yi zargi, a dakatar da ƙananan gwaje-gwajen da ake yi a buɗe, musamman juya jini a inji, domin kwalba na fashewa ta yi feshi. Jinin gwajin Lassa wanda aka horar ne zai ɗiba, cikin cikakken kaya: mililita 4 zuwa 5 a kwalbar EDTA, mai murfi launin shunayya. A rubuta suna a kwalbar kafin a shiga ɗaki. A goge bayanta da kulorin, a naɗe da auduga, a sa a gwangwani mai murfin murɗawa, shi kuma a sa a kula mai ƙanƙara, sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Rufi uku ke nan. Takarda a waje, ba a cikin gwangwani ba. Kada a ajiye a firjin allurar rigakafi, kada kuma a damƙa wa direban tasha a cikin ambulan ɗin wasiƙa.

A takardar, ranar da zazzaɓi ya fara ta fi komai muhimmanci. Gwajin PCR ne, wanda ke neman ƙwayar cutar kanta a jini, kuma a kwana ukun farko ƙwayar kan yi ƙaranci a jini har ta ɓuya. Idan an ɗiba da wuri ya fito babu, jiki kuma bai yi sauƙi ba, a sake ɗiba bayan kwana biyu zuwa uku, kada a mayar da shi cikin jama'a. Ƙwayar ma ba iri ɗaya ba ce: wadda ke yawo a Edo da Ondo dabam take da ta yankin Filato da Bauchi, ta Saliyo da Gini kuma dabam, shi ya sa manyan lab ke neman ta ta fuska biyu.

Gwajin kansa sa'o'i ne, hanya ce ke cin kwanaki. Akwai lab a Irrua, Owo, Abakaliki, Legas, Gaduwa a Abuja, da asibitin koyarwa na Bauchi. Kada a riƙe mara lafiya a ƙauye ana jiran sakamako idan akwai cibiyar da za ta karɓe shi.

Duba-gari ya amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Duk abin da aka faɗa a sama na mutum ɗaya ne da ya riga ya kamu. Amma mafi yawan masu Lassa ba daga mutum suka ɗauka ba, daga ɗakin girki ne, ta hanyar ɓera.

A gyara wani kuskure tukuna. Hoton da ke yawo a WhatsApp na dabba mai dogon baki da wari, ana cewa ita ke kawo Lassa, jaba ce, kuma jaba ba ta cikin dangin ɓera ma, ƙwari take ci. Mai ɗauke da Lassa ɓera ne madaidaici mai laushin gashi, launin toka zuwa ƙasa-ƙasa, masana na kiran sa Mastomys. Alamarsa macen na da nonuwa jere, guda 16 zuwa 24. Cikinta kwana 23 ne kacal, tana zuba 'ya'ya goma ko fiye a haihuwa ɗaya. Ƙwayar ba ta sa shi ciwo, yana zubar da ita a fitsari da kashi yana harkarsa. Kada kowa ya kama ɓera yana ƙirga nono, duk ɓeran gida a ɗauke shi abin zargi.

Dalilin da ya sa cutar ke tashi da rani a bayyane yake. An girbe gona, an ƙone daji, abinci ya koma rumbu da ɗaka, ɓera ya biyo shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shanyar masara da alabo da barkono a gefen kwalta, a bar su su kwana, gayyata ce. Yara kuma su cinna wa ciyawa wuta su bi ɓera da sanda, su feɗe da hannu. Ba gasasshen naman ne abin tsoro ba, jinin da fitsarin lokacin kamawa da fiɗa ne.

Wuta na kashe ƙwayar, don haka a sa ido a kan abin da ake ci ba a dafa ba ko aka bari ya kwana: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, aya, dabino, furar da aka bari a buɗe, tuwon ɗumame da aka ɗan nuna wa wuta. Ɗumame ya tafasa har ciki. Randa da murfi mai nauyi, moɗa a rataye. Kwanukan da aka wanke da dare aka kife a tsakar gida a sake ɗauraye su da safe, wannan kusan kowa na mantawa. Hatsi a durom ko roba mai kauri mai murfi. Buhu, ko da mai leda biyu ne, ɓera na huda shi, sai a ɗora a kan katako nesa da bango. Rumbu mai ƙafafu a sa wa kowace ƙafa kifaffen faranti na kwano. Ramin da biro zai shiga, ƙaramin ɓera zai shiga. A toshe da siminti, ba tsumma ba.

Shara ita ma da ƙa'ida. Kashin ɓera a busasshen ɗaki, a bi shi da tsintsiya, ƙura ta tashi a shaƙa. A yayyafa ruwan kulorin ya jiƙe, a jira, a kwashe. Mushen ɓera a sa leda a hannu, a zuba masa kulorin, a binne da zurfi ko a ƙone. Tarkon gam ba na son sa: ɓera na nan da rai yana fitsari don tsoro, mutum ya zo ya ɓamɓare shi da hannu. Guba kuwa tana kashe kaji da yara, kuma aikin da aka yi na shekaru a ƙauyukan Faranah a Gini ya nuna ana rage ɓeraye da guba amma cikin 'yan watanni su dawo kamar ba a yi ba. Gida ɗaya ba ya korar ɓera, sai unguwa ta yi tare, ta kuma hana shi abinci.

Incajin Karkara ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na kwafe lissafin kulorin zan liƙa a bango. Saura biyu. Idan mara lafiya ya cika kafin a zo, dangi kuma suka ce sai sun yi masa wanka, me za a ce musu? Sannan idan allura ta soki ma'aikaci fa?

Duba-gari ya amsa:

Gawa na ɗauke da ƙwayar da yawa, ruwan wanka kuma shi ke raba ta ga masu wanka da tsakar gida. Kada ka tsaya kai kaɗai kana jayayya da dangi a bakin ƙofa, za su ɗauke ta da ƙarfi. Nemo liman da mai unguwa, kuma gara a ce ka zauna da su tun kafin rani. Tsarin jana'iza da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar lokacin Ebola a 2014, da shawarar malamai, ya tanadi Musulmi: wani Musulmi cikin ma'aikatan da ke sanye da kaya ya yi wa mamaci taimama a madadin wanka, a sa shi a ledar gawa a goge bayanta da kulorin mai ƙarfi, a lulluɓe da likkafani, a yi masa salla ba tare da taɓawa ba, a sa shi a kabari yana fuskantar alƙibla. Dangi su gani da idonsu daga 'yar tazara. Abin da ke tayar da rigima shi ne a ɓoye musu. Kada a ɗauki gawa zuwa wani gari. Katifa da zannuwan da suka jiƙe sosai a ƙone, a gaya musu kafin a ƙone. A kuma bari DSNO ya ɗauki samfuri ta baki kafin a rufe, don a san ko za a bibiyi mutane.

Likitan Ciki ya amsa:

Wanda allura ta soka ya fita nan take ta hanyar cire kaya yadda Sista ta faɗa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu. Kada ya matse, kada ya tsotsa, kada ya tsoma yatsa a kulorin mai ƙarfi. Idan ido ne aka fantsama wa, ruwa mai tsabta da yawa. Ya sanar a ranar, kada kunya ko tsoron faɗa ya sa ya yi shiru. Akan ba irin wannan ribavirin na haɗiya don kariya, amma likitan cibiya ne zai yanke, kuma ba a ba mai ciki don kariya kawai.

Shi da duk wanda ke cikin littafin bakin ƙofa za a bi su kwana 21 daga ranar ƙarshe da suka taɓa mara lafiya, ana auna zafi safe da yamma. Wanda ba ya jin komai ba sai an kulle shi ba, amma kada ya yi tafiya. Ya kai digiri 38, a kira, kada ya biya ta kyamis.

Wanda ya warke ma da sauran aiki. Kusan ɗaya cikin huɗu na samun raguwar ji, ko da ciwon bai yi tsanani ba. Wajen rabinsu ji na ɗan dawowa cikin wata 1 zuwa 3, saura ya zauna. A gwada kunnensa kafin sallama da bayan wata guda. Ƙwayar na daɗewa a fitsari makonni, a maniyyi kuma wata uku ko fiye, don haka kwaroron roba ko haƙuri na aƙalla wata uku, a faɗa wa miji da mata tare. Allurar rigakafin Lassa babu wadda aka amince da ita tukuna, an dai fara gwajin wata a Abuja a 2024.

Likitan Dabbobi ya amsa:

A yi mini afuwa in tsoma baki. Idan Lassa ta fito babu har sau biyu amma mutum na zubar da jini, kada a cire safar hannu a ce shi ke nan. Tambayi sana'arsa. Mahauci, makiyayi, mai cire wa shanu kaska yana murtsuke ta da farce: akwai zazzaɓin Kirimiya da Kwango, kaska da jinin dabba ke kawo shi, kuma yana kama ma'aikatan asibiti kamar Lassa. Idan tumaki da awaki na ta ɓari a rugarsu, ƙananan na mutuwa, a tuna da zazzaɓin Rift Valley, wanda ya ɓarke tsakanin makiyaya a yankin Tahoua na Nijar a 2016, wajen Cintabaraden. Idan ido ya yi ɗorawa, cutar shawara ce abin nema, irin wadda ta tashi a Alkaleri wajen Yankari a 2019. Ita sauro ke kawo ta, kuma tana da allurar rigakafi guda ɗaya mai kare mutum tsawon rai, wadda ake yi wa yara a wata tara. A rubuta sana'a da batun dabbobi a takardar da ke raka jinin, domin lab ba zai nemi abin da ba a nuna masa ba.

Sistar Kariya ta amsa:

Malam Incaji, kafin ka liƙa lissafin nan, duba ranar da aka yi Hypo ɗin da ke sito. Wanda ya shekara a ɗaki mai zafi ya riga ya sauka daga 3.5 ɗin da aka rubuta, ka haɗa 1 da 6 ka samu ruwa mai wari kawai. Sayi sabo, ƙananan robobi, ka ajiye a inuwa.